Uranus da Neptune: Duniyoyin da aka leƙa sau ɗaya tak, har yau ba a koma ba

A ranar 24 ga watan Janairun 1986, wani kumbo maras matuƙi mai suna Voyager 2 ya gifta ta gefen duniyar Uranus a guje, yana ɗaukar hotuna yana aikowa gida. Masana kimiyyar da suka taru a cibiyar JPL ta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, sun shafe sama da shekara takwas suna jiran wannan rana. Amma muhimmin aikin bai wuce na 'yan sa'o'i ba, domin kumbon ba shi da halin tsayawa.

Kwana huɗu bayan haka kumbon Challenger ya tarwatse jim kaɗan da tashinsa daga jihar Florida, mutum bakwai da ke cikinsa suka rasu. Hankalin duniya ya koma kan wannan musiba, labarin Uranus ya dusashe.

Voyager 2 ya ci gaba da tafiyarsa. A ranar 25 ga watan Agustan 1989 ya wuce ta saman duniyar Neptune da tazarar kusan kilomita 5,000, daga nan ya nausa cikin sarari, tafiyar da babu dawowa.

Tun daga lokacin babu kumbon da ya sake kusantar waɗannan duniyoyi biyu. Jaririn da aka haifa a ranar da aka ziyarci Uranus yau magidanci ne, wataƙila har ya fara furfura, alhali ita Uranus ba ta ma cinye rabin shekararta guda ba. A tsawon wannan lokaci an aika kumbuna da dama zuwa Mars, an yi shekara da shekaru ana kewaya Jupiter da Saturn, har 'yar ƙaramar Pluto an kai wa ziyara a 2015.

Yanzu masana na matsa lamba a koma, kuma suna gargaɗin cewa lokaci na ƙurewa.

Duniyoyin da magabata ba su raɗa wa suna ba

Malaman falaki na da sun san duniyoyi biyar da ido ke iya gani, waɗanda littattafan Larabci suka kira Uɗarid da Zuhura da Mirrih da Mushtari da Zuhal. Zuhura ita ce wadda Bahaushe ke wa kirari da Zara matar wata.

Uranus da Neptune ba sa cikin wannan jeri. Neptune ido ba ya ganin ta sam. Uranus kuwa sai a dare mai tsananin duhu, nesa da hasken gari, kuma ga mai kaifin ido da ya san inda zai duba.

Wani malamin kiɗa ɗan asalin Jamus da ke zaune a garin Bath na Ingila, William Herschel, shi ne ya gano Uranus a ranar 13 ga Maris 1781, da na'urar hangen nesa da ya ƙera da hannunsa. Da farko ya zaci tauraro mai wutsiya ne.

Ita kuwa Neptune lissafi ne ya tona asirinta. Masana sun lura Uranus na ɗan kaucewa daga hanyar da lissafi ya nuna za ta bi, kamar akwai wani abu da ke jan ta. Wani masanin lissafi Bafaranshe, Urbain Le Verrier, ya ƙididdige inda abin ya kamata ya kasance, ya aika wasiƙa zuwa Balin. A daren da wasiƙar ta isa, 23 ga Satumban 1846, Johann Galle ya saita na'urarsa ya ga Neptune dab da inda aka ce ya duba.

Kowacce daga cikinsu faɗinta ya kai kusan ninki huɗu na duniyarmu. Uranus na da nisan kimanin kilomita biliyan 2.9 daga rana, kuma shekara 84 take yi kafin ta zagaye ta. Neptune na da nisan kilomita biliyan 4.5, shekararta guda kuma shekara 165 ce a lissafinmu. Sai a 2011 ta kammala zagayenta na farko tun da aka gano ta.

Da jirgin sama na fasinja zai iya zuwa can da gudun kilomita 900 a sa'a, ba tsayawa dare da rana, sai ya haura shekara 300 kafin ya isa Uranus, ya kuma haura 500 kafin ya isa Neptune.

Ƙanƙarar da ta fi wuta zafi

Masana na kiran su ƙattan duniyoyin ƙanƙara, amma sunan na iya ruɗar da mutum. Jupiter da Saturn kusan duk iskar haidirojin da hiliyom ne. Uranus da Neptune su ma suna lulluɓe da waɗannan iskoki, sai dai ana kyautata zaton mafi yawan nauyinsu ruwa ne da amoniya da metan. Waɗannan abubuwa a daskare suke a can nesa da rana lokacin da duniyoyin ke haɗuwa, shi ya sa ake ce musu ƙanƙara.

A yau, a can cikin duniyoyin, zafi ya kai dubban digiri, matsi kuma ya ninka na iskar da muke shaƙa sau miliyoyi. Babu ƙasar da za a taka. Wanda ya faɗa ciki zai yi ta nutsewa cikin iska mai ƙara kauri har ta koma ruwa mai zafi.

A irin wannan matsi, masana na hasashen metan na wargajewa, sinadarin kabon da ke cikinsa ya dunƙule ya zama daimon yana zuba ƙasa kamar ruwan sama. A 2017 wasu masu bincike a cibiyar SLAC da ke Kalifoniya sun harba wa wata irin roba haske mai tsananin ƙarfi domin kwaikwayon wannan yanayi, kuma sun ga ƙananan ƙwayoyin daimon sun samu.

Saman gajimaren kuwa sanyi ne na fitar hankali. An auna digiri 224 ƙasa da sifili a Uranus. A 2018 masana suka tabbatar cewa gajimarenta na ɗauke da sinadarin nan da ke sa ruɓaɓɓen ƙwai wari. A Neptune kuma iska na kaɗawa da gudun da ya kai kilomita 2,000 a sa'a, mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a duniyoyin da ke zagaya rana.

Akwai wani abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Neptune na fitar da zafin da ya ninka wanda take samu daga rana sau biyu da rabi. Uranus, wadda kusan tagwaye suke a girma, ɗan kaɗan take fitarwa. Ana ta muhawara kan dalili.

An je a ranar da bai kamata ba

Uranus a kwance take juyawa. Duniyarmu ta ɗan karkata ne da digiri 23 da rabi, abin da ke kawo sauyin yanayi a shekara. Ita Uranus ta karkata da kusan digiri 98, tana mirginawa kamar tulun da aka kwantar. Saboda haka kowane ƙarshenta na yin shekara 42 cikin hasken rana, sannan shekara 42 cikin duhu. Hasashen da ya fi ƙarfi shi ne wani ƙaton abu ne ya banke ta tun farkon samuwarta.

Voyager 2 ya kuma gano cewa ƙarfin maganaɗisun da ke lulluɓe da ita ya karkace da kusan digiri 59 daga sandar da take juyawa a kai, kuma tushensa ba a tsakiyarta yake ba. Da farko an ɗauka wani baƙon lamari ne na Uranus kaɗai, sai aka je Neptune aka tarar da makamancinsa.

A watan Nuwamban 2024, wani bincike da Jamie Jasinski na cibiyar JPL ya jagoranta ya sake duba tsofaffin bayanan 1986. Sakamakon ya girgiza masana. Ashe 'yan kwanaki kafin isar kumbon, wata guguwa daga rana ta daki Uranus ta matse lulluɓin maganaɗisunta. Binciken ya ce irin wannan yanayi bai wuce kashi huɗu cikin ɗari na lokaci ba. Da kumbon ya isa mako guda kafin nan, da wani abu daban ya gani.

Tamkar baƙo ne da ya shiga gari ranar da aka yi gobarar kasuwa, ya koma yana ba da labarin cewa haka garin yake kullum. Kusan shekara 40 ana gina bayanai a kan wannan ziyara.

Hatta launin Neptune sai da aka gyara. Shuɗin nan mai duhu da ake gani a littattafan makaranta ya samo asali ne daga ƙara wa hotunan Voyager launi domin gajimare su fito sosai. A farkon 2024 Farfesa Patrick Irwin na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka nuna cewa ainihin launinta shuɗi ne mai haske da ratsin kore, kusan irin na Uranus.

Teku a ƙarƙashin ƙanƙara

Kamar yadda duniyarmu ke da wata guda da ke zagaya ta, Uranus na da 29 da aka sani, Neptune kuma 16. Na baya-bayan nan a Uranus na'urar hangen nesa ta James Webb ce ta hango shi a 2025, kuma faɗinsa bai wuce kilomita 10 ba.

Manya daga cikinsu biyar ne: Miranda da Ariel da Umbriel da Titania da Oberon, sunayen da aka aro daga rubuce-rubucen William Shakespeare da Alexander Pope. A lokacin da Voyager 2 ya wuce, kudancinsu kaɗai rana ke haskawa. Arewacinsu na cikin duhu, kuma har yau babu wanda ya taɓa ganin yadda yake.

Miranda ne ya fi ba da mamaki. Faɗinsa kimanin kilomita 470 ne kacal, amma fuskarsa kamar tsumman da aka yi wa faci, tsohon wuri mai ramuka na manne da sabo mai tsage-tsage. A can ne wani gangare mai suna Verona Rupes yake, wanda wasu ƙididdiga suka ce tsayinsa ya kai kilomita 20. Idan haka ne, saboda raunin ƙarfin janyowa a wurin, dutsen da aka saki daga sama sai ya yi minti 12 kafin ya kai ƙasa.

A 2023 wani bincike da Julie Castillo-Rogez ta NASA ta jagoranta ya nuna cewa Ariel da Umbriel da Titania da Oberon na iya ɓoye teku mai gishiri tsakanin ɓawon ƙanƙararsu da dutsen da ke tsakiyarsu. Amoniya da gishiri na hana ruwa saurin daskarewa, ɓawon kuma na riƙe zafi kamar murfi.

Wannan ne ya sa masu neman alamun rayuwa a wajen duniyarmu suka fara waiwayar Uranus. Duk inda aka samu ruwa a doron ƙasa, har a ƙarƙashin tekun da rana ba ta kaiwa, ana samun ƙananan halittu.

Akwai kuma hanyar gano tekun ba tare da an haƙa ba. Ruwan gishiri na ɗaukar lantarki, saboda haka idan maganaɗisun uwar duniyar ya riƙa kaɗawa a kansa, shi ma sai ya haifar da nasa ɗan ƙaramin maganaɗisun, wanda na'ura za ta iya aunawa. Da wannan dabara kumbon Galileo ya samu hujjar teku a Europa, ɗaya daga cikin watannin Jupiter.

Triton, baƙon da Neptune ta kama

Babban watan Neptune, Triton, an gano shi ne kwana 17 kacal bayan gano ita Neptune ɗin. Faɗinsa kusan kilomita 2,700 ne, kuma shi kaɗai ne babban wata da ke zagaya uwar duniyarsa ta baibai. Wannan ya sa masana suka yi imanin ba a nan aka haife shi ba. Ɗan uwan Pluto ne daga can gefen tsarin rana, Neptune ta fizgo shi.

Voyager 2 ya auna sanyin digiri 235 ƙasa da sifili a samansa. A irin wannan sanyi an zaci matacce za a tarar, sai ga hotuna na nuna wani baƙin hayaƙi na fesowa daga cikin ƙanƙara har tsayin kilomita takwas. Ramukan da faɗowar duwatsu ke bari a kansa kaɗan ne, alamar cewa wani abu na sabunta fuskarsa. Kimanin kashi 40 cikin ɗari na jikinsa kawai aka ɗauka a hoto.

Kumbon da ake son aikawa

Duk bayan shekara goma, cibiyar manyan masana kimiyya ta Amurka kan tattara ra'ayin masu binciken duniyoyi ta ba NASA shawarar abin da ya kamata ta sa a gaba. A rahoton watan Afrilun 2022, sabon babban aikin da aka sa a sahun farko shi ne kumbon da zai je Uranus, wanda aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 4.2.

Kumbon zai kasu gida biyu. Ƙaramin zai rabu da uwar ya faɗa cikin iskar Uranus, ya buɗe laima yana sauka a hankali, yana auna zafi da matsi da sinadarai har sai matsi ya murƙushe shi. An taɓa yin haka a Jupiter a watan Disamban 1995, inda ɗan kumbon Galileo ya yi minti 58 yana aiko da bayanai. Irin sinadaran da zai auna ne za su nuna a ina aka fara ƙera Uranus, domin masana da dama na ganin ita da Neptune sun samu ne kusa da rana fiye da inda suke yanzu, daga baya suka yi ƙaura.

Babban kumbon kuma zai shafe sama da shekara huɗu yana kewaya Uranus, yana bi ta kusa da manyan watanninta ɗaya bayan ɗaya, yana nazarin zobba 13 da ke kewaye da ita.

An fifita Uranus a kan Neptune ne saboda ana iya kai mata da rokokin da ake da su yanzu. Tsarin farko shi ne a harba kumbon a 2031 ko 2032, ya bi ta kusa da Jupiter domin ƙarfin janyowarta ya cilla shi gaba kamar dutse a majajjawa, ya isa wajen 2044 ko 2045.

Abubuwan da suka tsaya a hanya

Na farko shi ne lokaci. Jupiter ba kullum take zama a inda za ta taimaka ba. Ita ma tafiya take yi, kuma idan farkon shekarun 2030 ya wuce, sai an jira sama da shekara goma kafin ta sake daidaita da Uranus. Ba tare da ita ba, dole a ƙara tsawon tafiyar, ko a rage kayan aiki, ko a nemi roka mafi ƙarfi. Shi kansa Voyager 2 ya ci gajiyar wani jerin gwano ne da manyan duniyoyin huɗu ke yi sau ɗaya a kimanin shekara 175.

Akwai kuma wa'adin da ita Uranus ta gindaya. Wajen 2050 rana za ta daidaita da tsakiyarta, daga nan arewacin watanninta ya fara komawa cikin duhu. Kumbon da ya makara zai tarar da ɓangaren da Voyager ya riga ya gani ne a haske.

Na biyu shi ne wuta. A Uranus hasken rana bai kai kashi ɗaya cikin 350 na wanda muke samu ba, a Neptune kuwa kashi ɗaya ne cikin 900. Faifan sola ba zai yi aiki ba. Abin da ake amfani da shi shi ne sinadarin fulotoniyam-238, wanda ke fitar da zafi da kansa ana mayar da shi lantarki. Shi ne ya riƙe Voyager 2 tun 1977. Amurka ta daina sarrafa shi a 1988, ta koma saye daga Rasha, sai a 2015 ta sake samar da giram 50 a cibiyar Oak Ridge. Burinta shi ne kilo ɗaya da rabi a shekara, kuma akwai wasu kumbunan da ke layi suna jira.

Na uku shi ne kuɗi. Shirin ɗauko duwatsu daga Mars, wanda a lokacin yake gaban na Uranus a layi, wani kwamitin bincike ya ce a 2023 kuɗinsa na iya kaiwa dala biliyan 11. A 2025 kuma Fadar White House ta gabatar da shawarar zabtare kusan rabin kasafin sashen kimiyya na NASA, shawarar da ta gamu da turjiya a majalisar dokoki. A irin wannan yanayi, jami'an hukumar sun riga sun nuna cewa harba kumbon zai iya kaiwa tsakiya ko ƙarshen shekarun 2030.

Ko an isa, tsayawa wani aiki ne. Kumbon da ya zo a guje sai ya ƙona mai da yawa kafin ya rage gudu. Injiniyoyi na nazarin wata dabara ta sa kumbon ya ratsa saman iskar duniyar domin ta zame masa birki, amma ba a taɓa gwada ta a can ba. Kuma babu mai tuƙa shi daga ƙasa, domin saƙon rediyo na yin sama da sa'a biyu da rabi kafin ya isa Uranus, sa'a huɗu kafin ya isa Neptune.

Ina makomar Neptune?

An so a aika wani kumbo mai sauƙin kuɗi mai suna Trident ya gifta ta Triton a 2038. Ya kai zagayen ƙarshe na gasar NASA, amma a watan Yunin 2021 hukumar ta zaɓi kumbuna biyu masu zuwa Zuhura. Wani tsarin mai suna Neptune Odyssey, wanda zai yi shekara 16 a hanya, har yanzu a takarda yake.

China ma ta shigo fagen. A tsarin da masananta suka gabatar a 2022, kumbon Tianwen-4 da ake sa ran harbawa zuwa Jupiter wajen 2029 zai tafi da wani ƙarami da zai zarce ya gifta ta Uranus a shekarun 2040. Wasu masanan ƙasar kuma sun ba da shawarar aika kumbo mai aiki da makamashin nukiliya zuwa Neptune.

Me ya sa ake ta wannan fafutuka?

Zuwa 2025 an tabbatar da duniyoyi sama da 6,000 da ke zagaya wasu taurari. Kaso mai yawa daga cikinsu girmansu na tsakanin na duniyarmu da na Neptune. Waɗannan babu ranar zuwa gare su, ɗigon haske kawai ake nazari. Uranus da Neptune ne misalan da ke kusa, kuma su ne waɗanda aka fi jahilta a gidanmu.

Aiki ne kuma da wanda ya fara ba lallai ya ga ƙarshensa ba. Edward Stone, wanda ya jagoranci sashen kimiyya na shirin Voyager daga 1972 zuwa 2022, ya rasu a watan Yunin 2024 yana da shekara 88, bai ga an koma ba. Heidi Hammel ba ta cika shekara 30 ba lokacin da take cikin tawagar da ta karɓi hotunan Neptune a 1989, kuma tana cikin waɗanda suka daɗe suna kiran a koma. Ko da kumbon ya isa a 2045, za ta kasance tana da shekara 85.

Waɗanda za su zauna gaban kwamfuta su fara ganin arewacin Miranda da Ariel, yawancinsu yanzu suna firamare ko sakandare. Shi kuwa Voyager 2, wanda ya fice daga yankin da iskar rana ke kaiwa a watan Nuwamban 2018, wutarsa na raguwa kowace shekara, kuma injiniyoyi na kashe na'urorinsa ɗaya bayan ɗaya domin ya ƙara 'yan kwanaki.